Malamina ya mayar mini da babin farko, ga wani yana cewa in biya ya rubuta mini

Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce a shekarar ƙarshe ta lisans, fannin noma, a nan Maraɗi. Aikin memuwar (kundin binciken kammala karatu) da aka ba ni shi ne in gwada ganyen anza da toka wajen kare wake daga ƙwari a ajiya, in kwatanta su da buhun nan mai leda biyu a ciki. Na rubuta babin farko, wanda ake kawo abin da masana suka riga suka gano, sai malamin da ke duba aikina ya mayar mini da shi, jan biro ko'ina. Ya ce abin da na kawo tarkacen intanet ne marar asali, in je in yi karatu. Na shiga ɗakin karatu na zagaya, ban ga littafi ko ɗaya mai sunan aikina ba, na ji kunyar tambayar mai kula da wurin, na fito. In na nema a waya, ko dai abin ya fito da Ingilishi, wanda ba na ji sosai, ko a ce sai na biya dalar Amurka kafin a buɗe. Mega tana ƙarewa ban samu komai ba. Yanzu wani ya ce in ba shi jika 60 ya haɗa mini babin gaba ɗaya. Babana ɗan kasuwar wake ne, zai ba ni in na ce kuɗin makaranta ne, amma zuciyata ba ta kwanta ba. Saura wata uku sutanans, wato ranar kare aikin gaban malamai. Mene ne abin yi?

Ɗiyarku, daga Maraɗi.

Wa alaikumus salam, ɗiyata. Allah ya yi miki albarka da kika tsaya tambaya tun kuɗin ba su bar hannunki ba.

Mu fara kawar da maganar jika 60, don ita ce mai sauƙin amsa. Kada ki bayar. Ba zan tsaya yi miki wa'azi kan yi wa mahaifi ƙarya ba, zuciyarki ta riga ni. Cinikin kansa ne nake so ki duba, don faɗuwa ce. Masu wannan sana'a ba karatu suke yi ba, tsofaffin memuwar suke yankowa su liƙa, kuma malamin da ya gane babinki a kallo ɗaya zai gane nasu. A ce ma ya wuce. Ranar sutanans wani cikin malaman juri zai ɗora yatsa kan suna guda a shafinki ya ce, wannan mutumin a wace ƙasa ya yi gwajinsa, kuma wake nawa ya zuba a kowace kwalba? Mai jika 60 ba ya cikin ɗakin a ranar.

Wannan babin kuma ba ado ba ne da ake sa wa memuwar don ta yi kauri. Daga cikinsa za ki san giram nawa na ganye ake sa wa kilo ɗaya, ƙwari nawa ake saki, sau nawa ake maimaita gwaji, kwana nawa ake jira kafin a ƙirga. Ga misali daga aikinki. Tun farkon shekarun 1990 aka yi bincike kan anza a Senegal, aka gano cewa abin da ke kashe ƙwarin wani sinadari ne mai tashi kamar tururi, wanda ke fita idan an daka ɗanyen ganyen ko ƴaƴan. Ke da ba ki karanta wannan ba, kina iya shanya ganyen a rana ya bushe ƙamas, ki zuba a kwalba buɗaɗɗiya, ki jira wata guda, ki rubuta cewa anza ba ta aiki, alhali maganin ya bi iska tun ranar farko. Ga kuma lokaci. Ƙwaron wake, daga ƙwai zuwa fitowar babba, yana ɗaukar kusan wata guda ko ƙasa da haka a zafi irin namu. Wata ukun da ya rage miki kenan bai fi ki ga zuriya biyu ki zauna rubutu ba. Saboda haka karatun da zai nuna miki yadda za ki tsara gwajin, cikin kwana goma masu zuwa ya kamata ki yi shi, ki zuba waken a kwalabe, sauran karatun ya ci gaba yayin da ƙwarin ke nasu aikin.

Yanzu ɗakin karatu. Kin shiga neman littafi mai sunan aikinki, kuma da wuya ki same shi ko a Yamai ko a Paris. Sabon ilimin kimiyya ba a littafi yake fara sauka ba. A maƙala yake fitowa, shafi shida ko goma a cikin mujallar masana, sai rahotannin cibiyoyin bincike, sai memuwar da tez (kundin digirin dakta) na waɗanda suka riga ki. Littafi tushe yake ba ki: yadda jikin ƙwaro yake, yadda ake tsara gwaji, yadda ake lissafin sakamako. Wannan ma kina buƙatarsa, kuma yana nan a kan kanta, sai dai ba a jera shi da sunan memuwar ɗalibai ba. Da lamba ake jerawa. A tsarin Dewey, da ɗan'uwansa CDU da ake yawan bi a ƙasashe masu Faransanci, ƙwari suna lamba 595.7, cututtuka da ƙwarin amfanin gona suna 632, amfanin gona irin su hatsi da wake suna 633. Ki tsaya gaban waɗannan kantoci, ki ɗauko littafi, ki wuce bangonsa ki je shafukan ƙarshe inda aka jera kalmomi bi da bi, ki duba niébé (wake) ko bruche (ƙwaron wake). Littafin da bangonsa bai ambaci wake ba yana iya ƙunsar shafi goma sha biyar a kansa.

Babban abin da kika baro a ɗakin nan shi ne mutumin da kika ji kunyar tambaya. Ɗalibai da yawa sun ɗauki mai kula da ɗakin karatu kamar maigadi, wanda aikinsa ya karɓi jaka ya ce a yi shiru. Ba haka ba ne. Shi ya san akwatin da aka tara memuwar shekarun baya, ya san wanda ya ari littafin da babu shi a kan kanta, kuma yawanci a hannunsa mabuɗin abin da ake ce miki ki biya dala yake. Akwai wani shiri mai suna Research4Life da hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya suka haɗa da manyan kamfanonin buga mujallu. Ɓangaren lafiya, Hinari, ya fara a 2002 ƙarƙashin Hukumar Lafiya ta Duniya. Ɓangaren noma, AGORA, wanda shi ne naki, ya fara a 2003 ƙarƙashin FAO, Hukumar Abinci da Noma ta Duniya. Akwai OARE na muhalli tun 2006. Nijar tana cikin rukunin ƙasashen da ake ba su kyauta. Sharaɗin shi ne ba ɗalibi ke yin rajista don kansa ba, makaranta ko cibiya ke yi, a ba ta suna da kalmar sirri, ita kuma ta ba malamanta da ɗalibanta. Dubban mujallu ne, har da irin wadda aka fi buga binciken ajiyar hatsi a cikinta. Ki je gobe da safe, lokacin da ba cunkoso, ki gaishe shi yadda ake gaida manya, ki miƙa masa takarda da kika rubuta taken aikinki a layi biyu, ki tambaye shi abu uku: ina memuwar da aka yi kan wake ko ajiyar hatsi, ko makarantar tana da rajistar AGORA, kuma ko akwai kwamfutar da ɗalibai ke iya nema a kanta. In ya ce ba rajista, ki roƙe shi ya yi wa shugabanni magana, don cike takarda ce a intanet, ba kuɗi. In kuma ya ba ki kalmar sirrin, amana ce. Kada ta shiga gurup ɗin WhatsApp, domin idan aka ga ana shiga da ita daga wasu ƙasashe ana iya rufe wa makarantar gaba ɗaya.

Kunyar nan, na san inda ta fito. An tarbiyyantar da ku kada ku dami babba da tambaya, ga kuma tsoron kada a ce ɗalibar shekarar ƙarshe ba ta san yadda ake neman littafi ba. To ba wanda aka haifa da sani, kuma a makarantunmu ba kasafai ake zaunar da ɗalibi a koya masa wannan ba. Masu kula da ɗakunan karatu da na sani, abin da ke damunsu shi ne ba a tambayarsu. Matambayi ba ya ɓata.

Sai neman da kike yi a waya. Ina zaton jimla kike rubutawa a Google, irin "yadda ake kare wake daga ƙwari" da Faransanci, shi kuma ya kwaso miki shafukan ƴan talla. Ki bar Google na kowa da kowa, ki shiga Google Scholar, wanda rubuce-rubucen masana irin su maƙalu da tez yake nema. Kuma ki yi masa magana da sunayen da masana na duniya duka suka yarda da su, wato na Latin. Wake shi ne Vigna unguiculata. Anza ita ce Boscia senegalensis. Ƙwaron da ya fi ɓarna a buhu shi ne Callosobruchus maculatus, amma a ƙasarmu yana da abokin tafiya, Bruchidius atrolineatus, wanda ke fara kama waken tun a gona, kuma masana a jami'ar Yamai sun yi aiki a kansa tun shekarun 1980. Ɗalibin da ya nemi na farko kaɗai ya bar rabin labarin. Ki rubuta "Boscia senegalensis" cikin alamar zance, ki ƙara Callosobruchus, ki ga abin da zai fito. Sannan ki canza: sunan ƙwaron da Niger, sunan ƙwaron da cendre (toka), sunan ƙwaron da PICS (sunan buhun nan mai leda biyu). Ki sake da kalmomin Ingilishi guda uku kacal, cowpea, storage, ash, wato wake da ajiya da toka. Sunayen marubuta ma hanya ce. Ki gwada Alzouma, ki gwada Baoua, ki gwada Murdock tare da sunan ƙwaron.

Da zarar kin samu maƙala guda mai kyau, kin kama bakin zaren. Manazartar da ke ƙarshenta za ta kai ki baya, ga waɗanda suka riga ta. A ƙarƙashin sunanta kuma a Google Scholar akwai inda aka rubuta "Cité" da lamba, wato sau nawa aka ambace ta. Ki danna, zai nuna miki waɗanda suka zo bayanta suka ambace ta. Baya da gaba kenan. Sunan da kika ga yana ta dawowa a manazarta uku ko huɗu, wannan dole ki neme shi ki karanta. In kuma kin ci karo da maƙalar da ta tattaro binciken shekaru da yawa ta yi bitarsu, ki fara da ita, ta rage miki tafiyar mako guda.

Wadda aka ce ki biya, kada ki yi saurin juyawa. A ƙarƙashinta akwai inda ake nuna sauran kwafinta, kuma sau da yawa ɗaya daga ciki kyauta ne, marubucin ya ajiye a rumbun jami'arsa. In babu, sai AGORA. In babu, ki rubuta wa marubucin, adireshin imel ɗinsa yana shafin farko. Layi uku sun isa: ke wace ce, me kike bincike, ki roƙi kwafi. Marubucin maƙala ba ya samun ko dala daga kuɗin da kamfani ke karɓa, burinsa a karanta shi, don haka da yawa suna turowa.

Ba kuma gaskiya ba ne cewa komai da Ingilishi yake. Bincike mai yawa kan Sahel da Faransanci aka rubuta shi, kuma a buɗe yake. Cibiyar IRD ta Faransa, wadda a da ake kira ORSTOM, ta zuba tsofaffin rahotanninta a rumbun Horizon. CIRAD, cibiyar binciken noma ta Faransa, tana da rumbun Agritrop. Akwai HAL, inda masu bincike a Faransa ke ajiye maƙalu da tez, har da na ƴan Nijar da suka yi digiri a can. Akwai AJOL, da ke tattara mujallun Afirka tun 1998, kuma a cikinsa za ki samu maƙalun malaman Nijar da Burkina da Benin da Faransanci. Mujallun Cahiers Agricultures da Tropicultura kyauta ne. AGRIS na FAO ma ki leƙa shi. A nan gida kuwa akwai Duddal, rumbun intanet na takardun raya karkara a Nijar, da shafin RECA, na haɗakar majalisun manoma. Waɗannan biyun sun fi amfani wajen sanin abin da manomi da ɗan kasuwa ke yi a zahiri. Alƙaluman yawan waken da ake nomawa kuma, kada ki kwafo su daga memuwar wani, ki ɗauko daga FAOSTAT, rumbun alƙaluman FAO, ko INS, hukumar ƙididdiga ta ƙasa, ki rubuta shekarar. Kowa yana rubuta cewa Nijar ce ta biyu a noman wake bayan Najeriya, kuma haka ne, amma juri yana son ya ga daga ina kika samo.

Abin da ya fi ba ni mamaki a wasiƙarki shi ne ba ki ambaci Tarna ba, wato tashar INRAN, cibiyar binciken noma ta ƙasa, da ke nan Maraɗi. Ɗiyata, kina zaune a garin da ɗalibai a wasu ƙasashe ke karanta sunansa a maƙalun ajiyar wake. Buhun da kika kira mai leda biyu, sunansa PICS, daga jami'ar Purdue ta Amurka ya fito, an fara yaɗa shi a Afirka ta Yamma a 2007, kuma masu binciken ƙwari na INRAN a cibiyar Maraɗi suna cikin waɗanda suka gwada shi suka buga sakamakon. Daga irin waɗannan ayyukan aka fahimci yadda yake aiki: ƙwarin da ke ciki suna shaƙe iskar da ta rage, su daina ci, kuma da yake ruwan jikinsu daga abincin da suke sarrafawa da iskar yake samuwa, sai ƙishi ya ƙarasa su. Kuɗin kabu-kabu ne tsakaninki da mutanen da suka yi wannan aiki da hannunsu. Ki nemi takardar gabatarwa daga sashenku, ki je da safe a ranar aiki, ki nemi ɓangaren ƙwari, ki kuma tambayi inda ake ajiye rahotanni. INRAN tun 1975 take, tashar Tarna kuwa ta girme ta nesa ba kusa ba, kuma rahoton shekara-shekara na irin waɗannan wurare da yawansu ba su taɓa hawa intanet ba. Kada ki tsaya kan manyan daktoci kaɗai, don su kullum suna hanya. Ma'aikacin labo da ya shekara ashirin yana kiwon ƙwari a kwalba zai gaya miki abin da ba a rubutawa: yadda ake bambanta mace da namiji, yadda ake tsabtace wake daga ƙwan da ya zo da shi daga kasuwa kafin a fara gwaji, irin ƙyallen da ake rufe bakin kwalba da shi. Ki je da littafin rubutu, ki je kin riga kin karanta maƙala biyu, don tambayar wanda ya karanta daban take da ta wanda ya zo a yi masa aiki, kuma suna ganewa.

Tara takardu ba karatu ba ne, wannan ma sai na faɗa. Na ga ɗalibai da PDF ɗari biyu a waya ba su buɗe goma ba. Ke maƙala goma sha biyar zuwa ashirin da kika karanta da gaske sun ishe ki babin lisans. Kuma ba daga farko zuwa ƙarshe ake karanta maƙala ba. Ki fara da rezume, in bai shafe ki ba ki wuce. In ya shafe ki, ki tsallaka zuwa jadawali da zane, ki tambayi kanki me aka kwatanta da me, kuma bambancin nawa ne. Sannan ki koma yadda aka yi gwajin, a nan za ki daɗe. Kowace maƙala ki ba ta shafi guda a littafinki. A sama: marubuta, shekara, take, sunan mujalla, lamba, shafuka. A ƙasa: ina aka yi, da wane irin wake, da wane ƙwaro, adadi nawa, tsawon wane lokaci, me aka samu. Ki rufe maƙalar kafin ki rubuta abin da aka samu, ki faɗe shi da bakinki kamar kina yi wa ƙawarki bayani. Abin da ya gagare ki faɗa ba tare da leƙe ba, ba ki gane shi ba tukuna. In kin yi haka ba za ki faɗa kwafe ba ko da kuskure, kuma ranar da kika baza shafukan nan a tabarma za ki ga babin ya fara tsara kansa: waɗannan uku sun yarda da juna, wannan ya saɓa musu, kuma ga dalili, shi busasshen ganye ya yi amfani da shi. Wannan kwatancen shi malaminki yake nema da ya ce ki je ki yi karatu. In kina da kwamfuta, ki sa manhajar Zotero, kyauta ce, tana ajiye manazarta ta jera miki su yadda makaranta ke so. In babu, littafin ya wadatar.

Ki yi hattara da abu uku da ke kama da ilimi. Shafukan da kowa ke iya ɗora memuwarsa ba tare da wani ya tantance ba, ki leƙa su don ganin manazarta, amma kada ki gina magana a kansu. Akwai kuma mujallun da ke karɓar kuɗi su buga komai cikin kwana biyar. In kina shakkar wata, ki duba ko tana cikin DOAJ, jerin mujallun kyauta da aka tantance, ko ki tambayi malaminki. Na ukun sabo ne: manhajojin nan masu amsa tambaya suna iya ƙirƙiro miki sunan marubuci da take da shekara, tsaf kamar gaske, alhali babu maƙalar a duniya. Duk abin da ba ki buɗe da idonki kin gani ba, kada ya shiga manazartarki. Yawancin maƙalun zamani suna da lambar DOI, mai farawa da 10, ki sa ta a shafin doi.org, in ba ta kai ki ko'ina ba ki yi shakka.

Ingilishi kuwa, bai kai yadda kike tsoronsa ba. Ingilishin kimiyya ya fi na hira sauƙi ga mai Faransanci, don kalmomin da yawa asalinsu ɗaya, kuma jadawali ba ya buƙatar tafinta. Ki sa rezume a manhajar fassara don ki gane inda aka dosa, ki ware shafi a bayan littafinki ki riƙa tara kalmomin da ke maimaituwa. Kafin maƙala ta biyar za ki ga kin rage leƙa fassarar. Abin da ba a yi shi ne ɗauko fassarar inji a liƙa a memuwar. Kwafe ne, ko da ya sauya harshe.

Mega tana ƙarewa ne saboda kina tunani alhali tana a buɗe. Ki rubuta kalmomin nema a takarda tukuna, ki buɗe, ki nema, ki sauke, ki rufe, ki yi karatun ba intanet. Kowace takarda ki sauya mata suna nan take, marubuci da shekara, ki kuma ajiye kwafi a kile ko ki tura wa kanki ta imel, don waya tana faɗawa ruwa. In akwai ƴan ajinku biyu ko uku masu aiki kan ajiyar hatsi, ku raba nema ku haɗa abin da kuka samu.

Malaminki kuma, kada ki ɓuya masa har sai kin gama. Jan biro alama ce ya karanta, wasu ko buɗewa ba sa yi. Bayan mako guda ki koma masa da shafukan maƙala biyar da tsarin gwajinki a takarda ɗaya, ki ce, Malam, ga abin da na samu, ga yadda nake son in yi, wace maƙala ce kake ganin na rasa? Wannan tambayar tana da amsa, ba kamar "ban gane ba".

Babanki, ki gaya masa gaskiyar abin da kike buƙata: kuɗin fotokopi, da na mega, da na zuwa Tarna, da kwalabe, waɗanda duka ba za su kai rabin jika 60 ba. Ki roƙe shi tiya biyu ta wake iri ɗaya wanda ya tabbata ba a sa masa magani ba, don waken da aka sa wa Phostoxin ko hoda zai ɓata miki gwajin tun ba a fara ba. Sannan ki zauna da shi da littafinki ki tambaye shi a wane wata ƙwari suka fi yi masa ɓarna, wane iri ne ya fi saurin huje, sau nawa yake sake amfani da buhu kafin ledar ta yage, kuma me ya sa wasu abokan kasuwarsa har yanzu suka fi yarda da magani. Ki rubuta ranar da kuka yi hirar, ki tambayi malaminki yadda makarantarku ke son a ambaci bayanin baka a cikin memuwar.